Riga Mai Lamba Bakwai

Lahadi, 3 ga Afrilu 1977, bayan Asuba

Littafin kulob ne wannan. Ni Lawwali Tela ni ne magatakardan Guguwar Faskari, shekara goma sha shida ina rubuta wa ya zo taro, wa ya ci ƙwallo, wa ya zagi rafali. Yau na juya littafin ta baya, don abin da zan rubuta ba na kulob ba ne, kuma ba ni da wanda zan faɗa mawa.

Jiya mun ɗauki kofi. Guguwa biyu, Damisar Sabuwa ɗaya. Na rubuta haka can gaba da jan biro yadda na saba.

Abin da ban sa a gaba ba shi ne, minti goma da dawowa daga haftayim Salihu Garu, ɗan bayanmu, ya shiga ma ɗan gaban Damisa da ƙafa biyu. Ƙafar hagu ta karye ƙasan gwiwa. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ɗan gaban nan ɗana ne, ɗan farina, shekararshi sha bakwai. Ba zan rubuta sunanshi ba. Ban taɓa faɗinshi ba tun ranar da aka raɗa mashi, kunyar ɗan fari ce, haka na iske ubana yana yi ma yayana. Yaron nake cewa, kowa kuma ya san wanda nake nufi.

A-kori-kurar Alhaji Abdulƙarim, shugaban kulob, ita aka shirya za ta zaga gari da kofi. A bayanta muka shimfiɗa yaron, muka bi ta Sheme zuwa Mabai, gidan Malam Gide mai ɗori. Kofin na gaban mota, an manta ba a sauke shi ba, duk ramin da muka faɗa sai ya yi ƙara. Yaron bai yi kuka ba. Kawunshi Malam Almu, yayan matata, wanda ya riƙe shi a Sabuwa tun daga yaye, shi ya tallabe kanshi bisa cinya har muka isa. Ni ina can gefe riƙe da takalmin da aka yanke daga ƙafar.

Akwai wata magana da aka yi a haftayim, gindin maɗacin da ke bayan raga. Ba yau ba.

Litinin, 4 ga Afrilu, bayan Azahar

An ɗora ƙafar. Ƙarti uku suka danne shi, Malam Gide ya ja, ya murza, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Nan kam ya yi kuka. Kawu yake kira, Kawu, Kawu. Ina tsaye bakin ƙofa, ban shiga ba.

Bayan nan Malam Gide ya sa aka kamo wata wake-waken kaza. Gabanmu ya karya mata ƙafar hagu, ƙas, ya ɗora ta da tsinkaye biyu, ya yi mata tofi, ya kife ta da kwando. Ya ce haka gidansu ke yi tun kaka da kakanni. Ya ce, "Ranar da ta taka, shi ma ya kusa. Kar ku dame ni da tambaya, ku tambayi kaza."

Na ce Allah ya sa a dace. Ita kazar nan me ta yi ma kowa, oho.

Talata, 5 ga Afrilu, hantsi

Ban buɗe shago ba. Ɗinkin mutane jibge, tun da albashi ya ƙaru kowane malamin makaranta babbar riga yake so mai aska tara. Su jira.

Laraba, 6 ga Afrilu, bayan La'asar

Hajaratu ta bi ni Mabai bisa babur. Uwarshi ce, kunyarta ta fi tawa, shekara sha bakwai ko ido ba ta haɗawa da shi gaban mutane. Na zaci waje za ta zauna ta aika da kunu. Ina kafe babur na ga ta cire takalmi ta shige ɗakin kai tsaye. Da na leƙa, ta ɗora kanshi bisa ƙafarta tana mashi fifita.

Da ta fito na ce, "Ke, gaban yayanki?"

Ta ce, "Malam, ka bar ni. Wanda ke da sauran kunya ya riƙe abarshi."

Ta ce nan za ta zauna har a kwance ɗori. Na dawo ni kaɗai. A Sheme masu shayi suka tare ni, barka da kofi, sannu da jinya, duk a numfashi ɗaya. Na amsa duka biyun.

Juma'a, 8 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Kazar ba ta taka ba.

Asabar, 9 ga Afrilu, kafin Magariba

Rigar na nan rataye bayan keken ɗinki. Ja ce, lamba bakwai, ni na ɗinka ta da hannuna. Bari in rubuta zancenta ko na huta da kallonta.

Mu goma sha ɗaya muka kafa Guguwa, lokacin ko takalmi babu, tamaular ma ta ɗinki ce. Muka yi alkawari kowa lambarshi tashi ce har abada, in ya aje wasa ɗan farinshi ke gadon ta. Duk shekara in ruwa ya sauka an gama shuka ana Ranar Riga. Uba ya tsaya tsakiyar fili, ya tuɓe riga ya sa ma ɗanshi, a raba goro, a yi fatiha. Ba kuɗi ke sa ka zama ɗan Guguwa ba, haifarka ake yi. Lamba biyu ta sauka ga ɗa, huɗu ta sauka, tara ta sauka. Salihu kanshi rigar ubanshi ce a jikinshi.

To ni fa nawa ɗan farin yana Sabuwa. Ranar da aka yaye shi Malam Almu ya zo ya saɓe shi a wuya, kamar yadda ake yi, muka ce Allah ya raya. Wa ya yi tunanin ƙwallo a lokacin? Ashe a wuyan nan aka dinga kai shi filin Damisa.

Bara na aika ya zo. Na rage rigar daidai jikinshi, da ido na auna shi, ban kuskure ko ɗan yatsa ba. Fili ya cika. Na tuɓe, na miƙa. Ya durƙusa har ƙasa, da ladabinshi, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni ɗan Damisa ne."

Na tsaya da singileti tsakiyar fili, riga a hannu. Wani ɗan iska daga baya ya ce, "Tela, ashe Damisa kake ma ɗinki!" Aka kwashe da dariya. Shekara guda cur ana mani wannan baƙar maganar, a kasuwa, a wurin suna, har a maƙabarta an yi mani ita. Ina dariya tare da su a dole.

Ba hujja nake kafawa ba. Rubutawa kawai nake.

Litinin, 11 ga Afrilu, bayan Azahar

Malam Almu ya rantse sai ya kai Salihu gaban alƙali. Ya ce shi ma ya buga ƙwallo, ya san shigar neman tamaula, ya san shigar neman ƙafa. Ya ce, "Abin da ke ba ni mamaki, Malam Lawwali, yaron nan da dama yake bugu. Mai son ya nakasa shi dama zai nema. Me ya kai shi hagu?"

Na ce tsautsayi ne.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kam Allah ya ba ka zuciya. Ɗan kulob ɗinka ya karya maka ɗa, kana nema mashi uzuri." Wallahi da mari ya yi mani da ya fi mani sauƙi.

Talata, 12 ga Afrilu, hantsi

Salihu ya zo shago. Ƙato guda, ya tsaya bakin ƙofa ya tare haske, ya kasa shigowa. Ya rame. Ya ce ko kasuwa ba ya iya zuwa, yara na bin shi suna Garu mai karya ƙafa. Na ci gaba da taka keke, alhali ko zare babu a allurar.

Can ya ce, "Baba Lawwali, ni dai ban ce ma kowa komi ba."

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya tafi. Tir da ni.

Alhamis, 14 ga Afrilu, bayan La'asar

Taron kulob a zauren Alhaji. Don a sanyaya ma mutanen Sabuwa rai kar a je kotu, an yanke a karɓe rigar Salihu, lamba biyar, shekara biyu ba shi ba fili. Ubanshi na zaune, dattijo, tare muka kafa kulob ɗin nan, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alhaji ya ce, "Magatakarda, rubuta." Na rubuta. Hannuna bai ko yi rawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Aka ce ko ina da magana, tunda ni aka ɓata mawa. Na ce na yafe mashi. Aka yi ta sa mani albarka.

Asabar, 16 ga Afrilu, bayan Asuba

Kazar ba ta taka ba. Ƙafar yaron ta kumbura, yatsun sun yi baƙi-baƙi, ga zazzaɓi. Malam Almu na cewa a kwance a tafi asibiti, Malam Gide na cewa duk wanda ya taɓa ɗorinshi ba ruwanshi. Hajaratu ta ce a asibiti yankewa za su yi. Duk suka juyo suna kallona, wai ni ne uba, ni zan yanke magana.

Ni ne uba.

Na ce a sassauta ɗaurin a ba shi kwana uku.

Lahadi, 17 ga Afrilu, Azahar

Ya Allah ka bar mashi ƙafar. Ka ɗauki tawa, da ita nake taka keke, ka ɗauka.

Talata, 19 ga Afrilu, bayan La'asar

Kumburin ya saɓe. Ya sha kunu kofi biyu. Alhamdu lillahi.

Tunda raina ya ɗan dawo, bari in rubuta zancen keke. Yana shekara tara aka kawo shi Faskari hutun Sallah. Ranar nan ba kowa a ƙofar gida, na ce ya zo, na ɗora shi bisa sandar kekena. Sau ɗaya ke nan a duniya na taɓa ɗaukarshi. Muka bi ta gindin dutse inda ba mai ganinmu, yana dariya yana cewa Baba ƙara gudu. Na ƙara. Yashi ya kwashe tayar gaba. Gwiwarshi ta hagu ta gurɗe, ta yi suntum.

Kwana goma Hajaratu na gasa ta da ruwan zafi cikin ɗaki. Muka aika Sabuwa cewa zazzaɓi ne ya riƙe shi, don kunyar a ce na ɗauki ɗan fari a keke, kuma na kayar da amanar mutane. Na ce mashi kar ya faɗa ma Kawu. Bai faɗa ba. Gwiwar ta warke amma ba ta koma daidai ba, shi ya sa ya koyi yin komi da dama. Duk ƙasar nan ba wanda ya san haka sai mu uku.

Na aje biro nan. Zafi ya yi yawa yau.

Juma'a, 22 ga Afrilu, hantsi

Yaron ya ce da ni, "Baba, kullum kana zuwa, shago fa?" Na ce shago na nan. Ya ce, "Ka shigo mana, rana ta yi yawa a nan." Na ce nan ma ya isa. Iyakar hirarmu ke nan ta yau, kuma ita ce mafi tsawo tun bara.

Lahadi, 24 ga Afrilu, bayan La'asar

To. Maɗaci.

An tafi haftayim Damisa na da ɗaya muna nema, kuma yaron ne ya ci. Ya yanke mutum uku, ya aje gola a ƙasa, ya tura ta a hankali. Wallahi tallahi ban taɓa ganin ƙwallo mai kyau irin wannan ba, da na yi wasa shekara goma sha biyu ban yi rabinta ba. Da ya ci bai yi tsalle ba. Ya juyo yana neman inda nake. Yanzu na gane so yake in gani. A lokacin na ɗauka gwalo yake mani.

Gefenmu aka ɗauka, "Tela, ɗanka ya ci ka! Tela, ɗanka ya ci ka!" Har da tafi.

'Yan wasanmu na gindin maɗaci suna shan ruwa. Na ja Salihu gefe. Na ce, "Gwiwarshi ta hagu ba ta da ƙwari. Ka matsa mashi ta nan."

Sati uku ina gaya ma kaina cewa nufina ya tilasta mashi bugu da hagu, shi ke nan, dabarar wasa ce, kowane koci na yin ta. Amma na ga idon Salihu. Na ga ya fahimci abin da ya wuce wanda na faɗa. Ya ce, "Baba Lawwali, ka tabbata?" Kalma ɗaya ta isa in gyara. Rafali ya busa usur, na juya na tafi na bar shi da ita.

Ga shi na rubuta. Ban ji wani sauƙi ba.

Laraba, 27 ga Afrilu, Azahar

Kaza ta taka. Tana ɗingishi amma ta taka, har ta kori wata a kan tsaba. Hajaratu ta rangaɗa guɗa a gidan mutane. Ni na zaga bayan rumbu na daɗe.

Litinin, 2 ga Mayu, bayan La'asar

Ruwan farko ya sauka jiya. Kowa ya fita shuka, gonata na nan ko sassabe ban yi ba.

Asabar, 7 ga Mayu, bayan Azahar

An kwance ɗori. Ƙafar ta motse, ta yi fari. Malam Gide ya miƙe su biyun ya haɗa diddige. Ba sai an faɗa mani ba, aikina ke nan awo. Ta hagu ta gaza da yatsa biyu.

Ya ce, "Zai taka. Zai yi noma, zai je masallaci, zai yi aure. Gudu kam a bar ma Allah."

Yaron ya ce, "Ƙwallo fa, Malam?"

Malam Gide ya hau tattara kararenshi. Malam Almu ya fita waje, babban mutum, na ji yana fyace hanci. Aka ba yaron sandar gora, ya yi taku huɗu zuwa bakin ƙofa, inda nake. Na matsa na ba shi hanya.

Litinin, 9 ga Mayu, hantsi

Alhaji Abdulƙarim ya zo shago da fara'arshi, wai ya kawo mani albishir. Ya ce dattawan kulob sun yi shawara. Ranar Riga ta matso, kuma tunda yaron ba zai ƙara buga ma Damisa ba, ba abin da zai hana shi amsar lamba bakwai. Ba sai ya yi wasa ba, ya sa ta kawai ya zauna cikinmu. Ya ce, "Ka gani, Lawwali? Riga ta dawo gida. Abin da kake nema shekara guda Allah ya kawo maka har ɗaki."

Na ce na gode. Yana fita na zaga baya na amayar da kokon da na sha.

Laraba, 11 ga Mayu, bayan La'asar

Na naɗe rigar a takarda na tafi Mabai. Ban san abin da zan yi da ita ba, na dai san yau sai na yi magana ko in mutu a hanya.

Na iske shi shi kaɗai gindin ɗorawa, ƙafa miƙe bisa tabarma, uwarshi ta tafi rijiya. Na zauna. Karo na farko da na zauna tabarma ɗaya da shi. Ya ga jan ƙyalle ta inda takarda ta yage, ya kau da kai.

Na ce, "Akwai maganar da zan faɗa maka, game da Salihu."

Ya ce, "Na sani, Baba."

Na ce me ya sani.

Ya ce, "Mutum uku suka san gwiwar nan. Ni ban faɗa ba, tunda ka ce kar in faɗa. Inna kuwa ba ta zuwa fili."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun a bayan mota, kafin mu kai Sheme.

Kwana arba'in ke nan. Kwana arba'in yana ce mani shigo daga rana. Na buɗe baki, na ce ban yi nufin ta karye ba, na ji maganar ta fito ba ta da ko gishiri. Na ce a'a, bar wannan, ni na yi, ni na karya ka, ba Salihu ba. Hawaye suka zo mani gaban ɗan fari, ban tare su ba.

Ya daɗe yana wasa da sandarshi a ƙasa. Sannan ya ce, "Ba ƙafar ta fi ci mani rai ba. Da na faɗi, kowa na ta kiran sunana, Kawu, 'yan Damisa, har 'yan Guguwa. Ina kwance ina ta saurare ko zan ji muryarka a ciki."

Na ce ya faɗi duk abin da yake so in yi.

Ya ce abu biyu. A maida ma Salihu rigar ubanshi. Sannan an shirya wasan sulhu tsakanin kulob biyun a Sabuwa ran ashirin da ɗaya ga wata, yana so ni in kai shi bisa babur, kuma in zauna inda ya zauna.

Na ce rigar nan fa? Ya ce, "Tana da kyau, Baba. Ka maida ta."

Bai ce ya yafe ba. Ban roƙa ba, ban ga fuskar roƙo ba.

Alhamis, 12 ga Mayu, bayan La'asar

Na faɗa ma Hajaratu da safe. Ta aje tulun da ke hannunta a hankali, ta ce, "Malam, a kan riga?" Ta koma ɗaki wajen ɗanta ta saki labule.

Malam Almu na iske shi yana alwala. Ya saurare ni har na ida, ya ƙarasa wanke ƙafarshi, ya sa takalmi, ya wuce masallaci ta gabana. Na bi shi, muka yi sallah sahu ɗaya, ya bar wurin mutum guda tsakaninmu.

Asabar, 14 ga Mayu, kafin Magariba

Taron kulob. Na ce ina da magana. Na miƙe na faɗi abin da na ce gindin maɗaci, kalma da kalma, har da tambayar da Salihu ya yi mani. Uban Salihu ya ce, "Lawwali, kana zaune nan ka ce ka yafe ma ɗana?" Na ce ƙwarai, haka na ce.

Wanda ya fara yi mani waƙar ɗanka ya ci ka yana nan, shi ya fi kowa salati. Na so in ce mashi wani abu, na ga ba ni da bakin.

An maida ma Salihu lamba biyar. Tawa na aje ta bisa tabarma gaban Alhaji, ba wanda ya ce in ɗauka. Littafi kuma sun ce in miƙa ma sabon magatakarda ƙarshen wata. Zan yanke waɗannan shafukan na baya da almakashi, a miƙe, ba za a ga wurin ba.

Laraba, 18 ga Mayu, hantsi

Na ɗinka matashi na ɗaura a bayan babur, da wata maɗauka ta gefe inda ƙafar za ta miƙe. Na gwada da buhun masara har Sheme na dawo.

Lahadi, 22 ga Mayu, bayan Asuba

Jiya muka je Sabuwa. Hanyar nan ta cikin daji ruwa ya fara cinye ta, na yi ta lallaɓa babur, in na ga yashi sai in sa ƙafa ƙasa in tura. Ya riƙe ni ta ciki da hannu biyu. Wani wuri ya ce, "Baba, a haka sai an tashi za mu isa." Na ce a tashi ɗin. Ban ƙara gudu ba.

Filin Damisa na bayan makaranta. 'Yan Guguwa na gabas da jajayen rigunansu, mutanen da na yi shekara goma sha shida ina tsayawa cikinsu. Muka wuce su muka nufi yamma, cikin rawaya. Labari ya riga mu zuwa, na gani a fuskoki. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ba ni hannu. Shi kuwa suka yanyame shi, kowa na son ya taɓa shi. Malam Almu na bisa benci. Bai dube ni ba, amma ya matsa, wurin ya ishi mutum biyu.

'Yan wasa suka shigo fili. Kafin a take wasa, Salihu ya tsallako fili da gudu ya durƙusa gaban yaron, yaron ya ba shi hannu. Ni bai kalle ni ba, kuma daidai ne.

Ana saura kaɗan a tashi, ba ci, sai wani ɗan siririn yaro na Damisa ya samu tamaula ta gefen dama, ya sheƙa, ya ɗaga ta, wani ya sa kai. Raga! Duk yamma ta tashi tsaye. Yaron nawa ma ya manta da ƙafarshi. Ya zabura ya miƙe ba sanda, hannu sama, duk nauyinshi bisa hagu. Na ga ƙafar ta lanƙwashe, na ga ya tafi zai kifa bisa bakin benci.

Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba.

"Harisu!"

Da ƙarfi, gaban kawunshi, gaban Sabuwa kaf. Na cafe shi ta ƙirji kafin ya kai ƙasa. Ya fi yadda na zata nauyi. Mutanen kusa suka zuba mana ido, Malam Almu ya juyo, karo na farko cikin kwana goma ya dube ni.

Harisu ya dafa kafaɗata ya daidaita tsayuwarshi. Ana ta ihun an ci Guguwa, ganga na tashi, sai da ya kawo bakinshi kusa da kunnena.

Ya ce, "Na'am, Baba."